Makullin Mota A Hannun Yaro: Inda Haɗari Ke Farawa Kafin A Hau Titi

Duk wanda ke zaune a Kano, ko Kaduna, ko Sakkwato, ko Abuja ya san irin wannan labari. Da yammacin Sallah, ko daren kai amarya, ko ranar da ɗalibai suka rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare, sai a ji ƙarar birki, sai ta karo. Kafin jama'a su taru, mota ta riga ta haye kan mai sayar da lemo a gefen titi, ko ta daki turken wutar lantarki. Idan aka ɓalle ƙofa aka ciro direba, sai a tarar yaro ne ɗan shekara 15 ko 16, tare da abokansa uku ko huɗu, kuma babu ko ɗaya da ya ɗaura bel. Washegari a yi jana'iza, a yi zaman makoki, masu ta'aziyya su ce tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa. Daga nan magana ta mutu, sai kuma wani karon.

Babu mai musun ƙaddara, kuma kalmar tsautsayi tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi sawun irin waɗannan haɗurra ɗaya bayan ɗaya, za a ga kusan hanya guda suke biyowa. Yaro ne da ya iya tayar da mota amma bai iya karanta titi ba, ga gudu, ga abokai suna zuga, ga waya a hannu, ga duhun dare. A bayan duk waɗannan kuma akwai babban mutum da ya miƙa makulli, ko ya ajiye shi inda za a ɗauka, ko ya kawar da kai da ya ga an ɗauka. Haɗarin ƙaramin direba a gida yake farawa, ko a gareji, ko a tasha, tun kafin mota ta hau kwalta.

Girman matsalar

A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara a faɗin duniya. Ta kuma nuna cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka idan aka kwatanta da yawan jama'arta, alhali motocin da ke cikinta ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta bayar da rahoton mutuwar mutum 5,081 a 2023, da kuma 5,421 a 2024. Wannan adadin waɗanda labarinsu ya isa ga jami'anta ke nan. Wanda aka kaɗe a lungu aka kai shi gida aka binne kafin la'asar, ko wanda ya cika a gadon asibiti bayan mako biyu, sau da yawa ba ya shiga lissafi. Shi ya sa ƙiyasin WHO game da Najeriya ya ninka alƙaluman hukuma sau da dama. Kuma shekara da shekaru, abin da rahotannin FRSC ke sakawa a gaba cikin dalilan haɗari shi ne gudun wuce sa'a.

Ƙasashen da ke tattara alƙaluma bisa shekarun direba sun nuna inda gizo ke saƙar. A Amurka, inda ake auna haɗari daidai da nisan tafiyar da kowane rukuni na direbobi ya yi, an gano cewa direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya fi wanda ya kai 20 ko ya haura faɗawa haɗarin da ke cin rai kusan ninki uku, kuma watannin farko bayan samun lasisi su ne mafi muni. Wannan fa a ƙasar da tituna ke da layi da fitilu, kuma yaron ya yi jarrabawa kafin a sake shi. To, ina ga yaron da ya koyi mota cikin kwana uku a filin ƙwallon unguwa, sannan ya faɗa Titin Zariya da ƙarfe shida na yamma? Tun da kusan rabin al'ummar Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, wannan matsala ce da za ta ci gaba da girma muddin ba a tare ta ba.

Iya tayar da mota daban, iya tuƙi daban

Babban kuskuren da iyaye da yawa ke yi shi ne auna ƙwarewar yaro da abin da ido ke gani a ƙofar gida. Ya fito da mota daga gareji bai goga ba, ya juya ta, ya yi baya da ita, ya ajiye daidai. Sai uba ya ce ai wane ya iya mota. Zuwan motoci masu canza giya da kansu ya ƙara sauƙaƙa wannan ruɗi. A da, kuloc da giya kan wahalar da ɗan koyo na makonni, mota ta riƙa mutuwa a hannunsa, ya san cewa da saura. Yanzu yaro mai kaifin kai yana iya sarrafa totur da birki da sitiyari a yini guda.

Sarrafa mota kuwa shi ne ɓangare mafi sauƙi na tuƙi. Mai wuyar shi ne hangen abin da bai faru ba tukuna. Gogaggen direba idan ya ga ƙwallo ta gangaro kan titi, ƙafarsa ta riga ta koma kan birki, domin ya san akwai yaro a bayanta. Idan ya hango mace a tsaye a gefen hanya kuma ga a-daidaita-sahu a gabansa, ya san mai keken zai yanke ba tare da sigina ba. Idan bas ta tsaya sauke fasinja, ya san wani zai iya ɓullowa ta gabanta. Ya san tirela takan buɗe kafin ta sha kwana, ya san akuya ɗaya idan ta tsallaka akwai ta biyu. Wannan ilimi ba ya samuwa sai da tsawon zama a kan hanya. Hausawa sun riga sun faɗa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sabon direba idonsa kan tsaya a kan 'yan mitocin da ke gaban motarsa. Ba ya yawan duba madubi, ba ya iya kimanta gudun motar da ke tahowa idan zai wuce wata, kuma yakan bi bayan mota kusa da kusa. Idan abu ya auku ba zato, sai ya ruɗe. Taya ta sauka gefen kwalta, maimakon ya sassauta totur ya hau a hankali, sai ya fizgi sitiyari, mota ta yi adungure. Tayar gaba ta fashe, sai ya danne birki da ƙarfi, mota ta ƙwace. Wani kuma a cikin firgici totur yake takawa a maimakon birki, abin da ya sa ake yawan ganin ƙananan direbobi sun afka shaguna ko taron jama'a.

Ga kuma batun shekaru. Masana ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda ke auna sakamako da danne son rai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sashen da ke jin daɗin kasada da yabon abokai kuwa tun farkon balaga yake ƙarfi. Don haka ɗan shekara 16 yana iya sanin cewa gudu haɗari ne, ya faɗa da bakinsa, amma a lokacin da ake masa tafi sanin ba ya hana shi. Rashin gogewa da ƙuruciya abubuwa biyu ne daban, kuma a jikin ƙaramin direba suke haɗuwa.

Gudu, abokai, waya da dare

Lissafin gudu ba ya sassauta wa kowa. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, mai tafiyar kilomita 100 kuwa kusan mita 28. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar bene mai hawa uku. A gudun kilomita 100 kuwa tamkar faɗowa ne daga kusan mita 40. WHO ta nuna cewa idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa, yiwuwar ya mutu takan ninka sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Ƙa'idar hanya a Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, amma faffaɗan titi da sabuwar kwalta da gadar sama sukan yaudari yaro ya ga kamar filin tsere ya samu.

Abokai su ne makamashin wannan gudu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa haɗarin ƙaramin direba yana ƙaruwa da kowane tsara da ya shiga motar. Ba sai an je nesa ba wajen fahimtar dalili. Akwai kiɗa, akwai surutu, akwai mai cewa taka mana, akwai mai cewa kada ka bari waccan ta wuce mu. A garuruwanmu abin ya zama al'ada mai zaman kanta. Ayarin kai amarya ya koma fagen nuna bajinta, samari a zaune a kan tagogi, ana jan birkin hannu ana juya mota a tsakiyar titi, ana tayar da ƙura. Haka ranar gama makaranta, haka ranakun Sallah. Rundunonin 'yan sanda a jihohin Arewa sukan yi gargaɗi a kan tuƙin ganganci da bai wa ƙananan yara mota kusan duk lokacin bukukuwa, kuma yawan maimaita gargaɗin ma shaida ce cewa ba a ji.

Waya ta ƙara wa wutar fetur. WHO ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. Wanda ya sunkuya na sakan 3 don duba saƙo a gudun kilomita 60 ya yi tafiyar mita 50 tamkar makaho. Yanzu kuma ba a tsaya ga saƙo ba. Ana ɗaukar allurar gudu a bidiyo don a ɗora a TikTok ko Instagram, wato wasan da a da 'yan unguwa kaɗai ke kallo ya samu dubban 'yan kallo, kuma kowane yaro na son nasa ya fi na wancan.

Sai dare. Tituna da yawa babu fitilu, ga ramuka, ga babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan hanya da 'yan ganyaye a matsayin alama, ga masu tahowa da fitila mai kashe ido. Gogaggen direba ma yana shan wuya, balle ɗan koyo. Kuma dare ne lokacin da yaro ya fi samun damar sace makulli, bayan mai gida ya kwanta. Idan aka ƙara da shaye-shaye, abin ya kai maƙura. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin a watan Mayun 2018, amma tiramadol da wiwi da sauran kayan maye ba su bar hannun matasa ba, kuma dukkansu suna dagula hankali da saurin ɗaukar mataki.

Abu na ƙarshe da ke raba wanda zai tashi da wanda za a binne shi ne bel. Ɗaura shi yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. Amma a wajen samari ɗaura bel alamar tsoro ce, na kujerar baya kuwa ba ma a tuna da shi. Shi ya sa idan mota ta wuntsila ake tsinto su a waje. Kuma sau da yawa motar da ake bar wa yaro ita ce mafi tsufa a gidan, mai tayoyin gwanjo da birkin da ake ta cewa za a gyara.

Wa ya ba shi makullin?

Ƙananan direbobi a garuruwanmu iri biyu ne, kuma kowanne akwai babba a bayansa.

Na farko ɗan masu hali ne, ko ɗan ma'aikacin da ya yi tari ya sayi mota 'yar Kwatano. Shi ta hanyar aike yake farawa. Alhaji ya dawo daga kasuwa a gajiye, ko Hajiya tana son a kai ƙanne Islamiyya, ko a karɓo niƙa, ko a sayo gas. Direba ya tashi, ko kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tsadar rayuwa ta sa an sallame shi. Sai a ce wa yaro ɗauki mota, ai nan da nan ne. Daga aiken cikin unguwa sai na cikin gari, daga na rana sai na dare. Wani uban ma alfahari yake yi a majalisa cewa ɗansa ɗan aji uku a sakandare shi ke kai shi masallacin Juma'a. Ranar da yaron ya ɗauki motar ba da izini ba, ya riga ya saba ganin makullin a matsayin haƙƙinsa.

Na biyu ɗan talaka ne, kuma shi neman abinci ne ya kai shi. Yaron wankin mota ne da mai mota ya bar wa makulli ya tafi, sai ya ce bari ya ɗan zaga. Yaron gareji ne da oga ya ce ya je ya gwada birki a titi. Kwandasta ne da direba ya bai wa bas ya yi lodi ɗaya shi kuma ya je cin abinci. Sama da duka, ɗan a-daidaita-sahu ne. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, keke mai ƙafa uku ya zama abin hawan talaka, kuma ya zama jarin 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa. Mai keke yana jiran balas kowace yamma. Wanda aka bai wa keken yakan miƙa shi ga ƙaninsa ko yaron unguwa ya yi aikin dare don kuɗin su cika. Wanda ke bin balas kuwa dole ya yi sauri, ya yi lodi fiye da ƙima, ya kutsa inda bai kamata ba. Mai jarin yana ofis ko shago, bai ma san wanda ke jan dukiyarsa da rayukan mutane ba.

A duka biyun, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wanda ya san ta shi ne babban da ya ga sauƙin aike ko ribar yini ta fi masa muhimmanci.

Doka na nan, aiki da ita ne babu

Dokar Najeriya ba ta bar wata kafa ba. Sai mutum ya cika shekara 18 zai iya neman lasisin tuƙi. A ƙa'ida sai ya shiga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya samu takardar shaida, jami'an duba ababen hawa, wato VIO, su gwada shi a kan hanya, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Hukumar, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana aiki ne yanzu da dokar 2007 da kuma ƙa'idojin hanya na 2012. Dokar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 7 ga wanda ya kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Sanannen abu ne cewa 'yan tsakiya sun daɗe suna samar wa mutane lasisi ba tare da sun taɓa zama gaban mai gwaji ba, kuma ana ƙara wa yaro shekaru a takarda. Haɗa lasisi da lambar shaidar ɗan ƙasa ya rage wannan, amma bai shafi yaron da ko neman lasisin bai yi ba. Jami'an FRSC sun fi yawa a manyan hanyoyi, alhali ƙaramin direba a cikin gari yake ta'asarsa. Hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna su ne a kusa da shi. Sai dai idan suka kama motar da yaro ke ja, kafin a kai ta ofis waya ta fara ƙara, wani babba yana roƙon a yi haƙuri. Tarar 'yan dubban nairori kuma ba ta kai kuɗin cika tanki ba. Darasin da yaron ke koya a ranar shi ne cewa mahaifinsa ya fi doka.

Ko bayan an rasa rai, yawanci sulhu ake yi. Dangin mai mota su je ta'aziyya da buhun shinkafa, dangin mamaci su ce sun yafe, a janye magana daga wajen 'yan sanda. Yafiya halin kirki ce, kuma haƙƙin masu jini ne. Amma shari'ar Musulunci da mafi yawan masu wannan sulhu ke bi ba ta ɗauki kisan kuskure da wasa ba. Ta ɗora diyya, ta kuma ɗora kaffarar azumin wata biyu a jere, wadda yafewar dangi ba ta saukewa. Hikimar ita ce mutum ya san nauyin rai ko da bai yi niyyar ɗauka ba. Idan sulhu ya zama hanyar da mai ƙarfi ke rufe bakin mara ƙarfi, kuma yaron ya koma kan sitiyari bayan sati biyu, to an zubar da wannan hikima.

Akwai kuma asarar dukiya da masu motoci ba su cika lissafawa ba. Yarjejeniyar inshora kan sharɗanta cewa mai lasisi ne zai ja motar. Idan yaro mara lasisi ya yi ɓarna, mai mota na iya samun kansa shi kaɗai da kuɗin asibiti, da gyaran motar wani, da shagon da aka rushe. Jarin shekara ashirin na iya tafiya a dare ɗaya.

Darasin yaron mota

Abin lura shi ne muna da namu tsarin tun da can, mu muka watsar. A zamanin manyan motocin katako, babu direban da ke miƙa wa yaronsa sitiyari a shekarar farko. Yaron mota yakan fara da wanki da lodi da sa weji a bayan taya. Daga nan ya koyi duba ruwa da mai da canza taya. Yana zaune a gefe yana kallon yadda maigidansa ke shan kwana, da yadda yake saukowa gangara da giya, da inda yake rage gudu tun kafin a ga dalili. Sai bayan shekaru a bar shi ya motsa mota a cikin tasha, sannan a fili, sannan a hanyar da babu cunkoso da rana, maigida na gefensa. Ranar da aka yaye shi, an san an yaye direba.

Ƙasashen da suka rage mutuwar ƙananan direbobi wannan hikimar suka mayar doka, suka kira ta lasisi mataki-mataki. New Zealand ta fara a 1987, lardin Ontario na Kanada ya bi a 1994, jihar Florida ta Amurka a 1996, kuma a yau kowace jiha a Amurka tana da irin nata. Tsarin yana da hawa uku. A hawan farko ɗan koyo ba ya tuƙi sai da gogaggen direba a gefensa. A wasu jihohin Ostireliya sai ya cika awa 120 a haka, 20 daga ciki da dare. A hawa na biyu yana iya fita shi kaɗai, amma da iyaka a kan tuƙin tsakar dare, da ɗaukar tsaransa, da taɓa waya. Sai ya wuce wannan lokaci lafiya ake ba shi cikakken lasisi. Manufar ita ce a raba rashin gogewa da abubuwan da ke mayar da shi ajali, har gogewar ta samu.

Abin da ya rage a yi

Gwamnatocin jihohi na da ikon yin dokar da za ta ɗora laifin kai tsaye a kan mai motar da aka kama yaro yana ja, da tara mai zafi da riƙe motar na tsawon lokaci, kuma a hana duk wani jami'i sakin ta da umarnin waya. Ya kamata FRSC da VIO su tsaurara gwajin kan hanya, su kuma sa wa sabon direba iyaka a shekararsa ta farko, musamman kan tuƙin dare da ɗaukar fasinja. Wallafa alƙaluman haɗari bisa shekarun direba, jiha-jiha, zai nuna wa kowane gwamna girman abin da ke gabansa. Ƙungiyoyin direbobi da na masu a-daidaita-sahu kuma su ne suka san wanda ke jan kowane keke, don haka su ya kamata a tuhuma idan aka ga yaro a kai. Shugabannin makarantu, masu unguwanni da limamai suna da bakin da za su kashe wasan mota a biki da ranar gama jarrabawa, idan suka ga dama.

Sai dai mataki mafi sauri ba ya buƙatar majalisa. Yana hannun mai gida. Kada a bai wa wanda bai kai shekara 18 ba mota, ko da aiken bakin layi ne. A daina ajiye makulli a kan tebur. Wanda ya kai shekaru a kai shi makarantar tuƙi ta gaske, ya yi gwaji da kansa, sannan uba ko yaya ko wani gogaggen direba ya zauna a gefensa na watanni, a kasuwa, a shataletale, a babbar hanya, cikin ruwan sama, da kuma da dare. Bayan nan ma a sa masa sharuɗɗa a wata shida ko shekarar farko: babu fita bayan isha'i, babu cika mota da abokai, babu waya, kowa ya ɗaura bel kafin a tayar. Wanda ya saɓa a karɓe makullin. Mai keke ko bas ya san wanda ke jan abin hawansa, ya ga lasisinsa da idonsa. Mai kai mota wanki ko gareji ya tambayi wanda zai motsa ta. Uba kuma ya duba nasa tuƙin, domin yaron da ya shekara goma yana kallon mahaifinsa na karya dokar danja yana amsa waya, ya riga ya gama ɗaukar darasi.

Yaro zai yi fushi, zai ce an ƙi yarda da shi, zai kawo misalin ɗan maƙwabci. Fushin nan na kwana biyu ne, kuma kowane uba zai iya ɗaukarsa. Wanda ya taɓa tsayawa a sashen gaggawa na Asibitin Murtala, ko ya ga samarin da ke kwance a Asibitin Ƙashi na Dala, ko ya je bai wa wata uwa haƙuri a kan ɗanta da aka take yana dawowa daga makaranta, ya san wanne ya fi sauƙi tsakanin hana makulli da abin da ke biyo bayan bayar da shi.